Abin da nake nema a gajerun labaran kisan kai

Shekaranjiya da daddare yayata ta ari wayata za ta haska ƙarƙashin gado, sai idonta ya faɗa kan shafin da na bari a buɗe. Layi uku ta karanta, ta miƙo mini wayar kamar wadda ta taɓa garwashi. Ta ce, "Kai wai lafiyarka ƙalau kuwa? Ka rasa abin da za ka kwanta da shi sai labarin wanda ya kashe maƙwabcinsa?" Na ce, "Yaya, ƙagagge ne fa, ba wanda ya mutu." Ta ce, "Ai nan ne ma abin ya fi ɗaure min kai. Wani ya zauna ya ƙago, kai kuma ka zauna kana karantawa. Allah ya shirye ku gaba ɗaya." Na ce amin, muka yi dariya. Amma bayan ta fita, maganarta ce ta hana ni barci, labarin kuwa tuni na manta inda na tsaya.

Gaskiya ce, ina son gajerun labaran kisan kai, musamman masu duhun nan da ba a gama su da tafi. Kuma na san muna da yawa, sai dai wasu ba sa faɗa. To me muke nema?

Amsoshin da aka saba bayarwa na san su. A ce tsoro ne mai daɗi, irin na wanda ke kallon hadari ta taga alhali rufin ɗakinsa ba ya yoyo. A ce wasan ƙwaƙwalwa ne, kana tsere da mai bincike ka ga wa zai riga gano mai laifin. A ce kuma a duniyar zahiri mugu yakan sha, amma a takarda rana ɗaya ta mai kaya ba ta fashi. Duk akwai gaskiya a ciki. Wannan kasuwar ce Sherlock Holmes, ƙagaggen mai binciken laifi, ya ci tun daga 1891, da Arthur Conan Doyle ya fara sakin gajerun labaransa a mujallar Strand ta Landan, har suka kai 56. Da ya gaji ya jefa shi a kwazazzabon ruwa a 1893, masu karatu ba su bar shi ya huta ba, sai da ya dawo da shi. Ina jin daɗin irin waɗannan, amma suna wanke wa mutum hannu tas. Kai ne mai wayo, wancan ne mugu, an kama shi, sai da safe.

Waɗanda suke riƙe ni daban ne. Su ne waɗanda ba sa tambayar wa ya yi kisan, domin sau da yawa tun layin farko sun faɗa maka. Abin da suke bi shi ne ta yaya mutum kamar kowa, mai gaisuwa, mai biyan bashi, ya kai ga haka.

Ɗauki labarin Edgar Allan Poe na 1843, The Tell-Tale Heart. Kalmominsa ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗari ba. Mai ba da labarin shi ne makashin, kuma abin da ya dame shi kawai kada ka ce mahaukaci ne. Yana zaune da wani tsoho. Da bakinsa ya ce yana son tsohon, bai taɓa yi masa komai ba, ba ya kwaɗayin dukiyarsa. Idonsa ɗaya ne kawai, mai yana-yana kamar na ungulu, shi ne ba ya iya jurewa. Dare bakwai yana zuwa tsakar dare ya murɗa ƙofar ɗakin tsohon, ya ɗauki awa guda cur kafin ya gama zura kansa ciki, ya buɗe fitila ɗan siriri ya haska idon, ya tarar a rufe, ya koma. Da safe kuma ya shigo da fara'a yana tambayarsa yaya ya kwana.

A nan ne abin yake. Lokacin da na fara karanta wurin murɗa ƙofar nan, na kama kaina na riƙe numfashi don kada ƙofar ta yi ƙara. Ku lura fa, ba tsohon nake ji wa ba. Ina tare da mai murɗa ƙofar, ina so ya yi a hankali. Da 'yan sanda uku suka zo da asuba ya jera musu kujeru, ya ɗora tasa daidai kan katakon da ya binne gawar, gabana faɗuwa yake kada su gane. Sai da ya fara jin bugun zuciyar mamacin daga ƙarƙashin daɓe yana ƙaruwa, ya daka ihu ya tona wa kansa asiri, sannan na farga a ɓangaren wa na kwana. Na ajiye littafin ina jin kunyar da ba wanda ya gani. Alhaki kwikwiyo ne, mun sani, amma ban taɓa jin haushinsa kusa da kunnena kamar a ranar ba.

Kuma a ganina gajartar labarin ita ce maganin. Poe da kansa ya rubuta cewa abin da ake so ya yi tasiri guda a zuciya, a iya karance shi a zama ɗaya. Dogon littafi yana ba ka hutu. Ka rufe, ka yi harkokinka, ka dawo, marubucin ya kawo maka yarintar makashin da wahalar da ya sha, har ka samu inda za ka rataya uzuri. Gajeren labari ba shi da wannan filin. Ya shigar da kai ɗakin, ya rufe ƙofa, minti goma sha biyar ya turo ka waje. Kuma ko da an ba ni dama ba zan iya zama cikin kan irin wannan mutumin shafi ɗari huɗu ba. Kwata ɗin awa dai zan iya, kamar mai nitso ya riƙe numfashi.

Wani zai ce wannan ɗabi'ar Turawa ce muka aro. Ina! Duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya ya san labarin tuffa uku. Masunci ya jefa koma a kogin Dijla ya jawo akwati a kulle, Halifa Haruna Rashid ya saya, aka fasa aka tarar da gawar wata matashiya an daddatsa. Halifa ya ba waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo makashin ko shi a rataye shi. Ja'afaru bai gano komai ba, zama ya yi a gida yana jiran mutuwa. Ana shirin rataye shi sai ga mutum biyu, saurayi da tsoho, kowa na cewa ni na kashe ta. Saurayin mijinta ne, tsohon mahaifinta. Matar ce ta yi rashin lafiya ta yi sha'awar tuffa, mijin ya yi tattaki daga Bagadaza har Basra ya samo mata guda uku. Bayan haka ya gamu da wani bawa a hanya riƙe da tuffa ɗaya, ya tambaye shi, bawan ya ce ai farkarsa ce ta ba shi, mijinta ya kawo mata daga Basra. Ya koma gida ya ƙirga, biyu suka rage. Bai tsaya jin ta bakinta yadda ya kamata ba, ya yanka ta. Yana dawowa daga kogi ya tarar da ɗansa yana kuka, wai shi ya ɗauki tuffar mama ya fita da ita wani bawa ya fizge, har ya roƙe shi ya gaya masa tarihinta.

Mutumin da ya yi doguwar tafiya saboda kwaɗayin matarsa marar lafiya, shi ne dai ya ɗauki wuƙar. Tsakanin wannan da wancan maganar baƙo guda ce a bakin hanya. Duk wanda ya taɓa jin an ce an ce game da wanda yake so, jininsa ya tafasa kafin ya bincika, ya san bai yi nisa da gidan nan ba.

Kai, mu bar ƙagaggu ma. Kisan farko a bayan ƙasa, na 'ya'yan Annabi Adamu biyu, ayoyi biyar ne a Suratul Ma'ida, daga ta 27 zuwa ta 31. Wannan ba almara ba ce, kuma ba ina haɗa su ba ne, sai dai ku dubi inda aka tsaya aka nuna mana. Ba a siffanta duka ko jini ba. An ce ransa ne ya sauƙaƙa masa kashe ɗan'uwansa. Sannan ga shi tsaye da gawa bai san yadda zai yi da ita ba, sai hankaka ya zo yana tonon ƙasa. Yadda rai ke lallaɓa mai shi mataki-mataki har abin ya zama mai yiwuwa, da kuma wayewar garin bayan an aikata, waɗannan wurare biyun ne duk wani labarin kisa mai kyau da na karanta yake kewayawa.

Akwai wani abu kuma da waɗannan labaran suke faɗa wanda ba ma son ji. Mun fi so mu ɗauka makashi baƙo ne da ya haura katanga. A ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, mata da 'yan mata kimanin 85,000 aka kashe da gangan a duniya a 2023, kuma kusan 60 cikin 100 nasu a hannun miji, saurayi ko wani ɗan gida suka mutu. Marubutan gajerun labaran nan sun daɗe da gane haka. Shi ya sa fagensu yawanci ɗaki ne, da gado, da mutum biyu da suka san juna fiye da kima.

Wanda na fi so a wannan fannin na Susan Glaspell ne, A Jury of Her Peers, na 1917. Tana 'yar jarida a jihar Iowa ta Amurka ta bi shari'ar wata mata da aka tuhuma da kashe mijinta manomi a 1900, daga baya ta gina labarin a kai. A labarin, an tarar da manomi a shaƙe da igiya a kan gadonsa, matarsa ta ce ita barci take ba ta ji komai ba. Maza uku, ciki har da lauyan gwamnati da shugaban 'yan sandan yankin, suka zo neman dalilin kisan. Suka hau sama, suka leƙa rumbu, suna yi wa mata biyun da suka rako su ba'a wai sun tsaya duba tarkacen kicin. Matan kuwa su suka ga komai. Ɗinkin bargon da matar take yi tsaf-tsaf, sai a wuri ɗaya ya hargitse kamar hannu na rawa. Kejin tsuntsu an ɓalle ƙofarsa da ƙarfi. Cikin kwandon ɗinki kuma ga ɗan akwati mai kyau, a ciki kanari ne an murɗe masa wuya, an naɗe shi da siliki. Ɗayarsu ta tuna matar nan tana budurwa mai waƙa ce, shekara ashirin a gidan nan sun shanye ta. Ba wadda ta furta abin da suka gane. Da suka ji takun mazan na dawowa, ɗaya ta cusa akwatin a aljihun rigarta. A lokacin, a galibin jihohin Amurka ba a sa mata cikin masu taya alƙali yanke hukunci, to ga su sun yanke nasu a kicin.

Babu ɗigon jini a wannan labarin, ko matar da ake tuhuma ba ta fito ba. Amma ya fi kwana a raina fiye da ɗari da na karanta masu yanka da sassarfa.

Nan ne kuma zan ba Yaya gaskiyarta. Da yawa daga abin da ake rubutawa da sunan labarin duhu shara ce. Marubucin da ba shi da abin faɗa sai ya ƙara jini. Za ka ga an kwashe shafi biyu ana siffanta yadda wuƙa ta shiga, amma wadda aka kashe ko suna ba ta da shi, ba uwa, ba abin da take so ta yi gobe, an ajiye ta ne kawai don a samu gawa. Kuma kusan kullum budurwa ce kyakkyawa, wannan ma abin dubawa ne. Mafi muni su ne waɗanda ke mayar da makashi gwarzo, mai sanyin murya, mai basirar da ta fi ta kowa, har ka ga matasa suna sa hotonsa. Irin wannan in na fara, shafi ɗaya ya ishe ni in gane marubucin da kansa yana jin daɗin wuƙar, sai in rufe. Ban ce a hana kowa ba, kuma ban yarda karanta labari kaɗai yana mai da mutum makashi ba, in da haka ne da tuni duniya ta ƙare. Amma na yarda ido yana sabawa, kuma ba kowane yaro ya kamata a miƙa wa ba. Wanda kuma aka taɓa kashe masa wani nasa, in ya ce ba ya son ko jin sunan irin waɗannan labaran, ba ni da bakin yi masa gardama.

Jiya da yamma na zaunar da Yaya na ba ta labarin kanarin nan da baki, tun daga igiya har aljihu. Ta yi shiru tana saurare, abin da ba ta saba ba. Da na gama ta ce, "Ni ma da ni ce da na ɓoye shi." Na ce, "To Yaya, kin ga kin rufa wa mai kisa asiri ke nan." Ta harare ni ta ce in kiyaye ta. Can bayan an jima, har na ɗauka an wuce wurin, sai ta ce, "Amma fa shi ma mutumin rai ne. Tsuntsu ya kashe, ba mutum ba." Na ce shekara ashirin ɗin fa? Ta ce ai ba wanda ya ji ta bakinsa. Muka yi ta yi har aka kira magariba, ita tana sauya ɓangare, ni ma ina sauyawa. Yau da safe kuma ta aiko min da saƙo tana tambaya ko a shari'ar gaskiyar an saki matar. Na ce mata da farko an ɗaure ta rai-da-rai, kotun sama ta soke hukuncin, a zama na biyu masu yanke hukuncin suka kasa haɗa baki, aka bar ta ta koma gida. Har yanzu ba ta ba ni amsa ba.