Mun San Jarumi, Mun San Mawaƙi, To Wa Ya Tsara Kiɗan?

Mu Hausawa mun daɗe da fim ɗin Indiya. Tun zamanin da 'yan kasuwa Labanawa ke kawo su gidajen silima a Kano da Kaduna da Jos, abin ya shiga jininmu, har masu bege da bandiri suka riƙa ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kan karin waƙoƙinsu, daga baya 'yan fim ɗin Hausa suka zo suka ɗora nasu. Amma akwai hakkin wasu mutane da muka daɗe muna dannewa, kuma abin yana damuna. Ka tambayi tsohon ɗan kallo, zai jero maka Dilip Kumar da Raj Kapoor da Dharmendra da Amitabh ba tare da ya numfasa ba. Wanda ya ɗan zurfafa zai ƙara da Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar da Kishore Kumar. To ka ce masa wa ya ƙirƙiro karin waƙar da yake rerawa tun yana saurayi, sai ka ji shiru.

Kowace waƙar fim ɗin Indiya ta wancan zamani hannu huɗu take bi. Akwai marubuci da ya tsara baitoci, akwai mai tsara kiɗa da ya zauna da harmoniyam ya samar da kari ya kuma zaɓi kayan kiɗa da muryar da za ta ɗauka, akwai mawaƙi da ya rera a sitidiyo, sannan jarumi ya zo ya motsa baki a gaban kyamara. Mu na ƙarshen muka riƙe, alhali shi ne mafi ƙarancin aiki a cikin waƙar. Shawarata ga duk mai son tsofaffin waƙoƙin nan ita ce ya daina nemansu da sunan jarumi, ya koma nemansu da sunan mai tsara kiɗa. Idan ka yi haka na ɗan lokaci, kunnenka zai fara gane hannun kowa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki.

Ka fara da Naushad Ali. Mutumin Lucknow ne, an haife shi a 1919, ya rasu a 2006, kuma ko ba ka san sunansa ba ka san aikinsa, domin shi ya yi kiɗan Mother India na 1957, fim ɗin da iyayenmu da kakanninmu suka kalla suka sake kalla. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ya ɗauko kiɗan gargajiya mai zurfi na arewacin Indiya, wanda ake ginawa a kan abin da suke kira raga, wato tsarin sautuka da kowannensu ke da yanayinsa da lokacinsa, ya sauko da shi daga zauren masana ya kai shi kunnen talaka. A Baiju Bawra na 1952 a kan raga ya gina waƙoƙin, a lokacin da ake ganin hakan ba zai sayu ba. Ya sayu, kuma da aka fara ba da kyautar Filmfare, babbar kyautar finafinan Indiya, a 1954, shi ya fara karɓar ta mai tsara kiɗa. Ka saurari "O Duniya Ke Rakhwale" ka ji inda ya kai muryar Rafi a ƙarshen waƙar. Ka sani dai wannan da "Man Tarpat Hari Darshan" waƙoƙin addinin Hindu ne a cikin labarin fim ɗin, ko da yake Musulmi uku ne suka yi su: Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya tsara, Rafi ya rera. Na faɗi haka ne don mutum ya san abin da yake saurare, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsallake zuwa Mughal-e-Azam na 1960. A can ne za ka ji "Pyar Kiya To Darna Kya" da muryar Lata, a can ne kuma Naushad ya shawo kan Ustad Bade Ghulam Ali Khan, babban malamin waƙar gargajiya da ba ya yi wa fim waƙa, ya rera guda biyu. Naushad ba ya gaggawa. Finafinansa ba su kai na takwarorinsa yawa ba, shi ya sa da wuya ka tsinci waƙarsa da aka yi ta don cike gurbi.

Amma wanda na fi so a yi wa adalci shi ne Madan Mohan, kuma a kansa zan daɗe.

A Bagadaza aka haife shi a 1924, lokacin mahaifinsa na aiki a Iraƙi. Ya yi aikin soja, ya yi aiki a gidan rediyo a Lucknow inda ya yi hulɗa da manyan masu waƙar gazal, daga nan ya shiga Bombay (Mumbai ta yau), cibiyar finafinan Indiya. Gazal waƙa ce ta harshen Urdu da asalinta ke komawa ga waƙen Larabawa da Farisawa, kowane baiti na tsaye da ƙafarsa, kuma yawanci zancen bege ne da rabuwa. Ba a taɓa samun wanda ya iya sanya gazal a cikin fim kamar Madan Mohan ba, wannan ra'ayina ne kuma ina kansa. Shi ba ya cika waƙa da hayaniya. Sitar ɗaya (molon Indiya), goge kaɗan a baya, gangar tabla a hankali, sai ya bar wa murya fili. Karinsa a kunne kamar mai sauƙi, amma ka gwada bin sa da bakinka ka ji yadda zai kuɓuce maka a tsakiyar baiti.

Ka nemi "Lag Ja Gale" daga Woh Kaun Thi? na 1964. Na san matasa da yawa sun san ta, domin an sake rera ta ba adadi a intanet, amma ta asali nake nufi, wadda Lata ta rera, Raja Mehdi Ali Khan ya rubuta. Ka bi ta da "Aap Ki Nazron Ne Samjha" daga Anpadh na 1962, sai waƙoƙin Mera Saaya na 1966. Idan muryar namiji kake so, ga "Yeh Duniya Yeh Mehfil" ta Rafi a Heer Raanjha na 1970, fim ɗin da Kaifi Azmi ya rubuta maganganunsa duka a waƙe. Lata tana kiransa yayanta, kuma abin da suka yi tare shi ne, a wurina, ƙololuwar aikinta gaba ɗaya, duk da dubban waƙoƙin da ta yi wa wasu.

Abin da ke sosa min rai a tarihinsa: yawancin finafinan da ya yi wa kiɗa ba su yi kasuwa ba, sai waƙoƙin su rayu fim ɗin ya mutu. Bai taɓa samun kyautar Filmfare ba. Shekarar da aka sa Woh Kaun Thi? a takara, Dosti na Laxmikant da Pyarelal ne ya ɗauke. Kyautar ƙasa ce ya samu a kan Dastak na 1970. Ya rasu a 1975 yana da shekara 51, sai bayan rasuwarsa Laila Majnu ya fito a 1976 ya yi kasuwar da ya daɗe yana jira. Kuma ku da kuka kalli Veer-Zaara na 2004 kuka ji waƙoƙinsa sun bambanta da na zamaninsa, ga dalili: karin da Madan Mohan ya bari a kaset ne bai yi amfani da su ba, ɗansa Sanjeev Kohli ya fito da su aka gina waƙoƙin a kai, kusan shekara 30 bayan rasuwar mai su. Masoyan Shah Rukh Khan nawa ne a Kano suka san haka?

Shankar da Jaikishan su ne sarakunan kasuwa. Ba 'yan uwa ba ne, abokan aiki ne, kuma Barsaat na 1949 ne ya fito da su tare da Raj Kapoor. Daga nan Awaara a 1951, wanda waƙarsa ta zagaya Tarayyar Sobiyet da Turkiyya da Sin, sai Shree 420 a 1955, Junglee a 1961, Sangam a 1964. Su ne masu tara makaɗa da yawa, goge rututu, akodiyon, fiyano, ga marubutansu biyu Shailendra da Hasrat Jaipuri. Idan kana son waƙar da za ta kama ka tun jin farko, nan za ka je. Ni dai na fi son aikinsu na kafin 1960. Bayan rasuwar Jaikishan a 1971 sunan ya ci gaba da fitowa a allo, amma abin ya riga ya raunana.

Sai uba da ɗa. Sachin Dev Burman ɗan gidan sarautar Tripura ne, ya taso da waƙoƙin masu kwalekwale da na ƙauyukan Bengal, kuma bai taɓa rabuwa da su ba. Kayan kiɗa kaɗan, kari mai tsabta. Pyaasa na 1957 da baitocin Sahir Ludhianvi, da Guide na 1965, waɗannan biyun kaɗai sun isa su tsayar da mutum a tarihi, ga kuma Aradhana na 1969 wanda ya ɗaga Kishore Kumar ya zama muryar shekarun da suka biyo baya. Ɗansa Rahul Dev Burman, wanda ake kira Pancham, shi ne mai Teesri Manzil da Yaadon Ki Baaraat da Sholay, mutumin da ke iya fitar da kiɗa daga cokali da kofin gilashi. Mutane sun fi saninsa da waƙoƙin rawa, amma ni ina roƙonku ku saurari Amar Prem na 1972 da Aandhi na 1975 kafin ku yanke masa hukunci. Shi ma kasuwa ta juya masa baya a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a farkon 1994 kafin 1942: A Love Story ya fito ya dawo masa da martabarsa.

Akwai waɗanda zan ambata a gurguje, ba don sun gaza ba. O. P. Nayyar, mai kiɗan nan da ke tafiya kamar sukuwar dokin keken doki, wanda ya yi zamaninsa duka bai yi waƙar fim ko ɗaya da Lata ba, ya dogara da Geeta Dutt da Shamshad Begum da Asha Bhosle: ka nemi C.I.D. da Naya Daur da Kashmir Ki Kali. Roshan, kakan Hrithik Roshan, shi ne gwanin ƙawwali, salon waƙar begen Sufaye, a fim, Barsaat Ki Raat na 1960 ne shaida. Salil Chowdhury, ka nemi Madhumati da Anand. Khayyam, ka nemi Kabhi Kabhie da Umrao Jaan. Ghulam Mohammed kuwa ya yi waƙoƙin Pakeezah ya rasu a 1968, fim ɗin bai fito ba sai 1972, Naushad ne ya ƙarasa abin da ya rage.

Waɗanda kunnen Bahaushe ya fi sabawa da su, ko da bai san sunansu ba, su ne Laxmikant da Pyarelal, da kuma 'yan uwan nan Kalyanji da Anandji, domin su suka riƙe shekarun 1970 lokacin da silima ke tashe a garuruwanmu. Bobby, Amar Akbar Anthony da Dharam Veer na Laxmikant da Pyarelal ne. Don, Muqaddar Ka Sikandar da Qurbani na Kalyanji da Anandji ne. Ina girmama su, kiɗan gangar dolak na Laxmikant da Pyarelal ba shi da na biyu wajen motsa jiki. Sai dai sun yi finafinai ɗaruruwa, dole a samu tsaba a samu ƙaiƙayi. Wanda ya tsaya a kansu kaɗai ya ce ya san tsohon kiɗan Indiya, bai shiga cikin gidan ba tukuna.

Wani abu da ya kamata masu kiɗan fiyano na sitidiyoyinmu su sani: waɗannan waƙoƙi kai tsaye ake ɗaukar su. Makaɗa gommai a ɗaki ɗaya tare da mawaƙi, mutum ɗaya ya yi kuskure a koma farko. Shi ya sa ake kwanaki ana gwaji kafin ranar ɗauka. Da yawa daga cikin masu goge da masu rubuta wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa Kiristocin yankin Goa na Indiya ne da suka koyi karatun kiɗa a coci, irin su Sebastian D'Souza da ya yi wa Shankar da Jaikishan aiki, da Anthony Gonsalves, malamin Pyarelal, wanda ɗalibin nasa ya karrama ta hanyar sanya sunansa a waƙar Amitabh. Mun ɗauki kari daga Indiya shekara da shekaru, ba na ganin laifin aro, su ma sun ara daga Larabawa da Turawa. Abin da nake so mu ara yanzu shi ne wannan haƙurin, da kuma ɗabi'ar rubuta sunan wanda ya tsara kiɗa ɓaro-ɓaro a jikin aiki.

Wajen nema, ku kula da abu biyu. YouTube cike yake da waƙoƙin da aka ƙara wa ganga ta kwamfuta, ko wani sabon mawaƙi ya maimaita, ko aka rage musu gudu aka cika su da amsa-kuwwa. Ku guje su, ku nemi wadda aka ciro daga fim ɗin, ko wadda kamfanin Saregama ya saka, domin shi ya gaji yawancin tsofaffin faya-fayan kamfanin HMV. Na biyu, faifan garmaho na wancan lokaci minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, don haka sau da yawa ana yanke baiti guda, cikakkiyar waƙar tana cikin fim. Wanda kuma yake son ya bi abin shekara bayan shekara, ya nemi jerin Binaca Geetmala, shirin da Ameen Sayani ya fara gabatarwa a Rediyon Ceylon (Sri Lanka ta yau) a 1952, lokacin da gidan rediyon gwamnatin Indiya ya juya wa waƙoƙin fim baya. Jerin waƙoƙin da suka yi fice a kowace shekara yana nan a intanet. Ka ɗauki ta 1957 ko ta 1964, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana duba sunan mai tsara kiɗan kowacce kafin ka kunna.