Kifin Seattle: Taya ta yi laifi, amma wa ya shimfiɗa kwaltar?

Tun da jihar Washington ta Amurka ta ƙayyade wa sinadarin 6PPD-quinone, gubar da ke fitowa daga tayar mota tana kashe kifi a rafuka, iyakar nanogiram 12 a kowace litar ruwa a 2024, masu fafutukar kare muhalli ke ta murna kamar an gama yaƙi. An kama mai laifi, in ji su. Kamfanonin taya 13 aka maka a kotu a 2023, jihar Kalifoniya ta tilasta wa masu ƙera taya su nemo madadin sinadarin, hukumar kare muhalli ta tarayya kuma ta amsa ƙorafin ƙabilun 'yan asalin Amurka na Yurok da Puyallup da Port Gamble S'Klallam. Duk wannan ya yi kyau. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda hukumomin birane suka laɓe a bayan tayar, suka samu wanda za a nuna wa yatsa, su kuma suna ci gaba da ba da izinin shimfiɗa kwalta da siminti har bakin rafi.

A tuna yadda aka zo nan. A shekarun 1990 birnin Seattle da ke jihar Washington ya kashe kuɗi wajen gyara ƙoramunsa, aka dasa itatuwa, aka zuba tsakuwa, aka buɗe wa kifi hanya. Kifin salmon nau'in coho ya dawo daga teku don ya zuba ƙwai, sai ya riƙa mutuwa. Ruwan sama na sauka, sai a gan shi yana kewaya a saman ruwa, baki buɗe, ya kife, cikin 'yan awoyi ya mace, matan kuwa cikinsu fal da ƙwai. Daga 2002 zuwa 2009 masu bincike suna bin rafuka irin su Longfellow da ƙafa duk kaka, suna tsintar gawa, suna farke ciki, suna rubutawa. A wasu shekarun fiye da rabin matan da suka shigo ba su kai ga zuba ƙwai ba, wani lokacin kusan duka.

Ga wurin da ya kamata kowane jami'i ya ji kunya: a takarda, ruwan nan lafiyarsa ƙalau. An auna zafinsa, an auna iskar da ke cikinsa, an duba cuta, ba a ga abin da zai yi irin wannan kisa ba. Da gwajin da aka saba yi aka dogara da shi, da har yau ana buga wa rafukan hatimin tsabta. Kifin ne ya tona asiri, da mutanen da suka jure sanyi suna ƙirga shi. Sai a Disamban 2020 Zhenyu Tian da Edward Kolodziej da abokan aikinsu, bayan sun tace sinadarai sama da 2,000, suka gano cewa 6PPD da ake sa wa taya don kada ta tsattsage yana haɗuwa da iskar ozon ya rikiɗe ya zama guba, wato 6PPD-quinone. Kusan shekara ashirin ke nan ana bin sawu.

To, ta yaya gubar ke isa rafi? Ƙurar taya ba ta da ƙafa. Titi ne ke tara ta, ruwan sama ya wanke ta, lambatu ya kwashe ya juye a ƙorama ba tare da ya ratsa ko da tafin hannu na ƙasa ba. Wannan tsari ba kamfanin taya ne ya zana shi ba, injiniyoyin birni ne. Kuma tun kafin a san sunan sinadarin, gwaje-gwajen Jenifer McIntyre da abokan aikinta sun nuna cewa idan aka bi da ruwan titi ta cikin yashi da taki, kifin da aka sa a ciki yana rayuwa. Yashi da taki! Maganin na hannu shekaru da dama, amma ana jiran ɗakin gwaje-gwajen masu taya ya haifo sabon sinadari. An bar jaki ana dukan taiki.

Ko da gobe aka daina sa 6PPD, tsofaffin tayoyi za su yi shekaru suna gudu a titi. Ko babu guba ma, kwalta kaɗai ta isa ta kashe rafi. Derek Booth da Rhett Jackson sun nuna tun 1997, a gundumar King da Seattle ke ciki, cewa da zarar kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ke zuba ruwa a rafi ta rufe da abin da ba ya shan ruwa, lalacewa ta fara bayyana. Ruwa ya zo da ƙarfi lokaci guda, ya kwashe tsakuwar da ƙwai ke kwance, ya zaizaye gaɓa. Da bazara kuma rafin ya ƙafe ya yi ɗumi, don ƙasa ba ta sha komai ba balle ta tsatso. Wane madadin sinadari ne zai gyara wannan?

Masu gine-gine za su ce dokokin ruwan sama na ƙara wa gidaje tsada, kamar dai gyaran rafin da aka kashe kyauta ake yin sa. Masu taya kuma na ta maimaita cewa sinadarin na kare rayukan direbobi, abin da babu wanda ya musa musu.

Dubi batun kwalbatoci. A 2013 kotun tarayya ta umarci jihar Washington ta gyara waɗanda ke toshe wa kifi hanya, bisa haƙƙin kamun kifi da yarjejeniyoyi suka ba ƙabilu, hukuncin ya tsaya a kotun ƙoli a 2018, wa'adi kuma 2030. Biliyoyin daloli ake zubawa. Haƙƙin ƙabilun ne, ba na jayayya da shi. Amma umarnin kan hanyar wucewa yake, bai taɓa ingancin ruwan da kifin zai tarar ba. Wato a cikin birni ana iya buɗe masa ƙofa mai tsada ya shiga inda zai mutu, a yanke kirtani, a ɗauki hoto, a watse.

Wannan ne ya sa nake ganin sa ido ba ado ba ne da za a fara zaftarewa idan kasafi ya matse. Gundumar King na kwasar ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsun rafi duk shekara, tana auna lafiyar ruwa da ma'aunin da James Karr ya assasa. Ƙwaro ba ya gudu zuwa wani wuri, abin da ya ratsa rafin tsawon shekara a jikinsa yake, alhali kwalbar ruwan da aka ɗiba ranar da ba a yi ruwa ba labarin wannan ranar kaɗai take bayarwa. Sai dai ƙirga da ba ta hana kowa komai ba rubuta tarihin mutuwa ce kawai. A ɗaura izinin gini da sakamakon ma'aunin: rafin da makinsa ya faɗi, a dakatar da sabuwar kwalta a kewayensa har sai an tace ruwan tsofaffin tituna. Kuɗin ma'aunin kuma ya fito daga aljihun mai shimfiɗa simintin.