Na gudu daga hadari, na biya kuɗi na kalli hadari

Sati na uku da sauka a Bergen ban sa rana a idona ba. Garin nan na ƙasar Norway yana shan ruwan sama fiye da kwana 200 a shekara, kuma ba irin namu ba ne mai sallama, a ga gabas ta haɗe, a kwashe shanya, a kora awaki. Nasu sai dai ka ji shi a ƙeya.

Wata Asabar na fita da sabuwar laimata. Ina isa bakin tafkin tsakiyar gari iska ta juye ta, ta koma kamar kwandon tallan tumatir. Na ruga ginin farko da na gani a buɗe. Ashe gidan adana zane-zane ne. Kunya ta hana ni cewa fakewa na zo yi, sai na biya kuɗin shiga, ina juya shi zuwa naira a zuci, cikina na ƙugi.

Na shiga zauren, takalmina na cakal-cakal. Me zan tarar? Hadari. Dama hadari, hagu hadari, ga jirgi igiyar ruwa na neman kifar da shi. Wato abin da na gudo wa a kyauta, shi na biya kuɗi na zo kallo a cikin firam.

Na tsaya gaban wani zane: bishiya guda a gefen dutse, iska ta tanƙwara ta, saiwarta ta riƙe bakin rami gam. Wata dattijuwa ta ga na ƙura ido, ta ɗauka masani ne, alhali jira nake wandona ya tsane. Ta ce aikin Johan Christian Dahl ne, na 1849. Ɗan masunci ne, a Bergen aka haife shi a 1788, ya zama farfesa a Dresden ta Jamus, inda ya zauna gida ɗaya da wani mai zane Bajamushe, Caspar David Friedrich. Yakan zauna yana zana gajimare kawai, kamar mai bitar allo. A 1814 Norway ta rabu da Denmark bayan sama da shekara 400, ta rubuta kundin tsarin mulkinta, sai kuma ta tsinci kanta haɗe da Sweden har 1905. Masu zane suka nemi abin da za su nuna su ce wannan namu ne, suka ga duwatsu da teku da sararin sama mai fushi. Shi ya sa, in ji ta, da yawa ke ganin bishiyar nan ƙasarsu ce. Ta ƙara da Peder Balke, wanda ya je ƙarshen arewacin ƙasar a 1832, ya dawo yana zana guguwar teku, wani lokaci da yatsa da tsumma.

Ni kuwa ɗan manomi, na dubi gajimaren da kyau na ce mata, “Baba, wannan hadarin ba zai zubar ba, iska ce kawai. Wanda ya yi shuka da shi ya yi asarar iri.” Ta kalle ni, ta kalli zanen, ta matsa gaba.

Kuskurena ɗaya: na ɗauki hoton zanen, na yanke firam ɗin, na tura zauren gidanmu na WhatsApp, na rubuta “Ga inda nake yanzu.”

Ko minti biyar ba a yi ba wayata ta ɗauki ruri, a zauren da ko tari mutane ke haɗiyewa. Garin sauri na danna lasifika.

“Ɗan nan, sauko daga dutsen nan! Karatu aka tura ka ko hawan tsauni?”

“Inna, zane ne.”

“Zanen ƙaniyarka! Ba ga iska nan ina gani ba? Kar ka fake gindin bishiyar nan, tsawa!”

Duk zauren ya juyo. Mai gadi ya nufo ni a hankali, ya ɗora yatsa a leɓe. Ina raɗa, Inna na ƙara murya, don a ganinta iskar ce ke tafiya da maganata. Ta ce har ta aika ƙanena wajen Malam, kuma ta sa a sayo waina a raba wa almajirai.

A bakin ƙofa na samu na fahimtar da ita cewa iskar nan ta kaɗa tun kafin a haifi kakan kakanta. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Nawa ka biya?” Na faɗa mata. Ta yi salati.

“To kuɗin wainar ma kai za ka biya.”

Na leƙa waje, ruwa na nan yadda na bar shi. Na buɗe kwandon tumatir ɗina na kifa a ka.