Wai hoton sarki babu ado, kun duba bakin alkyabbar?

Wanda ya ɗora hoton Sarki Salman na Saudiyya jiya kusa da na Sarauniyar Ingila, yana cewa "ga tawali'u, ba kambi ba lu'ulu'u", don Allah ya je a duba masa ido. Har da masu buga masa tafi a ƙasa, 'yan Makka ma, waɗanda kullum suke wuce shagunan bisht, wato irin wannan alkyabbar ta Larabawa. To madalla.

Dukiyar tana nan a bakin alkyabba, daga wuya zuwa ƙirji. Wannan zaren da ke ƙyalli azurfa ce aka shafe da ruwan gwal, zari ake ce masa. Bisht na gaske ɗinkin hannu ne, Al-Ahsa da ke gabashin Saudiyya ce cibiyarsa, kuma ba mutum ɗaya ke gama shi ba. Wani ya yanka yadin, ulu mara nauyi na lokacin zafi ko gashin raƙumi na sanyi. Wani ya kafa layin farko na zari, wani ya cike faɗin tsakiya, wani ya ɗaure gefe. A ƙarshe a daddake ɗinkin da guduma har zaren ya kwanta ya yi sheƙi. Makonni ke nan mutane na duƙe a kan allura. Mai ɗaukar hoto kuwa ya san aikinsa, a kan wannan gefen yake saita haske.

Za ku ce ai na keke ma yana ƙyalli. Yana yi, na ɗan lokaci. Zarinsa galibi na jabu ne, gumi ya taɓa shi ya yi baƙi, bayansa kuma ƙulle-ƙulle ne. Za ku ce al'ada ce kawai. Al'adar da direba ko lebura ba ya sawa ya tafi aiki? Mai bisht hannun dama kaɗai yake zurawa, hagu na riƙe da gefe a hammata. Tufar wanda ba ya ɗaukar kaya ce, jama'a!

Ku zaro takardar riyal 500 ku kalli Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, da bisht ɗinsa da kyau. Sunansa kowa ya sani, na maɗinkin babu inda aka rubuta, wannan shi ke ci mini rai da gaske.

Angwaye kuma masu ɗaukar hayar bisht, ku daina fesa turare kai tsaye a kan zari, yana dusashe shi, sai mai shago ya riƙe muku kuɗin ajiya ku zo kuna kuka.