Keken da aka ba yaro yana shekara 7 ba zai kai shi 17 ba

Haba jama'a! Har yaushe za a riƙa tara iyayen yara masu lalurar shanyewar gaɓɓai a sakatariya, a raba musu keken asibiti girma ɗaya, a ɗauki hoto a watse? Wannan keken na tura majiyyaci ne a kan siminti. Ƙananan tayoyinsa na gaba suna shiga yashin ƙauyukan Jigawa su kafe, damina ɗaya ya yi tsatsa, ledar mazaunin ta lotsa. Ƙauye keke mai taya uku yake so, da babbar taya a gaba.

Yaron da doguwar naƙuda ko cutar shawara ko sanƙarau ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wahalarsa a balaga take ninkuwa. Ƙashi yana tsawo da sauri, tsokar da ta riga ta ɗaure ta kasa bin sa. Nan gwiwa ke lanƙwashewa ta ƙi miƙuwa, ƙugu ya goce, ƙashin baya ya karkace. In mazauni ya yi faɗi, yaro ya zube gefe ɗaya, karkacewar ta ƙaru. In ya yi ƙunci, ƙarfe ya ci fata. Awon kuwa ba wuya: yatsa biyu zuwa uku tsakanin bayan gwiwa da bakin mazauni, tafin ƙafa ya zauna daram a kan matakinsa, a sa katifar zama mai kauri, a sake dubawa duk wata 6. Wa yake dawowa ya duba? Tabon da ya yi duhu a ɗuwawu, bai washe ba bayan minti 30 da ɗaga yaro, farkon gyambo ke nan, amma ba wanda ya gaya wa uwar.

Ita ce kuma ke ciccibar saurayi ko budurwa zuwa masai na tsugunno, bayanta na ciwo. Yarinya ta fara al'ada, ba mai koya wa gidan yadda za a yi. Kujerar katako da kafinta zai huda wa tsakiya ta isa ta rage rabin wannan azaba!

Gashin ƙashi sai an yi kuɗin mota zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano ko wani babban asibiti a birni, shi ya sa ake dainawa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya an sa mata hannu a Janairun 2019, wa'adin shekara 5 na gyara gine-ginen gwamnati ya cika a 2024. Je ka sakandaren ƙauye ka ƙirga azuzuwan da keke zai iya shiga.