Idan Dogari Ya Saba Da Ɓarawo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Makon jiya bayan sallar Isha'i aka bugo waya cewa matar maƙwabcinmu ta haihu, jini ya ɓalle mata, ana neman leda biyu. Mu huɗu muka hau babur biyu daga Mabera zuwa asibiti, har da ƙanena, ɗan baffanmu, mai dakon albasa a kasuwa. Duk cikinmu babu mai ƙarfinsa, shi kaɗai yake ɗaga buhu ya aza wa mota. Aka soki yatsan kowa, aka ɗiga jinin a kan wata 'yar farar roba, muka zauna a benci. Da ma'aikacin ya leƙo, sai ya kira ƙanen nawa gefe. Layi biyu ne suka fito a tasa robar: ciwon hanta nau'in B. Ba za a ɗauki jininsa ba.

"Yaya, ni lahiyata lau," ya ce mini muna tsaye bakin famfo. "Ban jin komi. Ko shawara ban taɓa yi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta hana ni barci. Da asuba na tare wani likita da muke sahu ɗaya da shi, na ce ya gaya mini yadda cuta za ta shekara ashirin a jikin mutum, jikin bai yi ƙara ba. Abin da ya bayyana mini ya wuce likitanci, shi ya sa nake rubuta shi a nan.

Allah Ya sanya wasu dakaru a cikin jininmu, likitoci na kiran su da haruffa biyu, NK, ma'ana waɗanda aka halitta da iya kisa, ba sai an koya musu ba. Sai a 1975 aka gano su, a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin da kuma Amurka, alhali tun zamanin Annabi Adamu suke aiki a jikin kowa ba albashi. "Wa ma ya'alamu junuda Rabbika illa Huwa," babu wanda ya san rundunonin Ubangijinka sai Shi. Sauran sojojin jiki, waɗanda ake kira T, sai sun ɗauki kwanaki suna nazarin abokin gaba kafin su fito. Su kuwa NK dogarai ne a bakin zaure. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka tana ɗauke da tambari a bayanta, ana kiran sa HLA, shaidar cewa 'yar gida ce. Idan bairos, wato ƙwayar cuta, ya shige ta, sau da yawa yakan janye tambarin don kada sojojin T su hango shi. Nan dogari ke cewa, ke kuma ina shaidarki? Sai ya manne mata, ya huda bangonta, ya zuba mata gubar da za ta kashe ta da bairos ɗin a ciki, sannan ya saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda shi ne yekuwarsa ta a kawo ɗauki. Wani masani, Klas Kärre, shi ya wallafa wannan bayani na rashin tambari a 1986. Dogaran nan suna da yawa a hanta, har sukan kai kashi ɗaya cikin uku na ire-iren waɗannan dakaru da ke can.

Da na ji haka sai hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana ya faɗo mini, wanda Muslim ya ruwaito: zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji, kuma ka ƙi mutane su gani. Dogari ne wannan. Bai jira ka sauke littattafan fiƙihu ba. Ranar farko da ka tauye mudu, ko ka taɓa kuɗin adashin da aka ba ka amana, ba malami a wurin, amma gabanka ya faɗi.

To, bairos masu daɗewa ba da ƙarfi suke cin nasara ba. Akwai wani mai suna CMV, yawancin manya a ƙasashenmu suna ɗauke da shi ba su sani ba. Shi tambarin jabu yake ƙerawa, ya manna wa ƙwayar da ya shiga, dogari ya duba ya ce wuce. Mai karya garkuwar jiki kuma, HIV, zaɓe yake yi: ya janye tambarin da sojojin T ke dubawa, ya bar wanda ke kwantar wa dogari da hankali. Subhanallah, ai dabarar Shaiɗan ce sak. Ba ya kawo maka haram da sunansa. Cin hanci ya zama na goro. Riba ta zama ɗan ihsani. Gibar da muke yi a zauren WhatsApp ta zama "ai gaskiya na faɗa."

Wurin da ya fi tsorata ni shi ne na ciwon hantar. Likitan ya ce idan bairos ya zauna shekara da shekaru, yana cika jini kullum, dogaran nan suna nan, ba su mutu ba, amma muryarsu ta dushe. Yekuwar intaferon ta ragu ƙwarai, jikin da kansa yana fitar da sinadaran da ke ce musu a yi haƙuri. Hannun dukan kuwa yana nan, sai dai ya daina bambancewa. Suna dukan ƙwayoyin hanta, tabo na hawa kan tabo, har hanta ta ƙeƙashe. Yawancin ɓarnar ba bairos ke yin ta kai tsaye ba, faɗan da ba ya ƙarewa ne. A 2013 ma masu bincike a Landan suka nuna cewa a jikin masu wannan ciwo dogaran kan juya su kashe sojojin T ɗin da aka horar musamman don yaƙar bairos ɗin.

Ɗan uwa, ba ka san mai irin wannan zuciyar ba? Ni na san ta, don na taɓa kwana da ita. Laifin da ya sa ka kuka shekara biyar baya, yau kana yin sa kana hira. Zafin addinin bai tafi ba, yana nan, amma kan wasu yake sauka: wane ɗan bidi'a, wance ba ta da tarbiyya. Ranar da wani ya matso ya ce maka ka ji tsoron Allah, shi za ka fara sara. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan bawa ya yi zunubi ana ɗiga baƙin ɗigo a zuciyarsa. Idan ya bari, ya nemi gafara, ya tuba, sai a goge ta. Idan ya koma sai a ƙara, har ya rufe ta. Shi ne tsatsar da Allah Ya ambata a aya ta 14 cikin Suratul Muɗaffifin, surar da ta buɗe da bone ga masu tauye mudu. Sabo turken wawa, in ji magabata. "Ban jin komi" ba shaidar lafiya ba ce, a hanta ko a zuciya.

Na tambayi likitan ko dogarin da ya gaji yana farfaɗowa. Ya ce idan aka danne yawan bairos da magani, irin tenofobir da ake haɗiya ƙwaya ɗaya kullum, an ga wani ɓangare na ƙarfinsu yana dawowa. Ba tsawa ake yi musu ba, kayan ake rage musu. Mu kuwa wa'azi muke ƙarawa a kan wa'azi, lambar da ke jan mu tana nan cikin waya, majalisar da ake cin naman mutane kuma ba mu fasa zuwa ba.

Kada kuma wani ya ɗauki ciwon ƙanena a matsayin sakayyar laifi. Jarrabawa ce, kuma mai yiwuwa tun yana tsumman goyo ya same ta. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 da ita za su girma, alhali a manya bai kai 5 cikin 100 ba. Daga uwa ake ɗauka wajen haihuwa, ko askar wanzami ɗaya da ta yi wa yara da yawa, ko rezar mai yankan farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022, binciken da aka yi a Najeriya a 2018 kuma ya sami kusan 8 cikin kowane baligi 100. Akwai allurar rigakafi, tana cikin na yara tun 2004, ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ba sai bayan suna ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ku nemi magani bayin Allah, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma a garin nan na Sakkwato ya yi rubuce-rubuce kan likitanci. Ba kowane mai ɗauke da ita ake ɗora wa magani nan take ba, likita ke dubawa ya yanke. Jiƙon mai lasifika a bakin tasha kuwa, hantar da ta riga ta wahala ita za ta tace shi.

Maijegon ta samu jini daga biyu cikinmu, tana gida. Ƙanena ya kai matarsa da 'ya'yansa uku gwaji ranar Litinin, duk ba su da ita, an fara yi wa matar allurar. Shi kuma an ɗebi jininsa don a ƙirga yawan bairos ɗin, sakamako sai mako mai zuwa. Ku sa shi a addu'a.