Totur Ya Maƙale: Giyar Firi Tukuna, Sannan Hujja

Ranar 28 ga Agusta 2009, wata mota ƙirar Lexus ES350, ta kamfanin Toyota, ta ƙwace a kan babbar hanya kusa da San Diyego da ke Kalifoniya. Gudunta ya haura mil 100 a awa kafin ta bugi wata motar, ta faɗa kwari ta kama da wuta. Mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Direban jami'in 'yan sandan sintirin manyan hanyoyi ne, mutumin da tuƙi ne aikinsa na kullum, motar kuwa aronta dila ya ba shi ana duba tasa. Da aka bincika, sai aka tarar an shimfiɗa mata tabarmar roba ta wata Lexus mafi girma, RX400h, bakin tabarmar ya danne totur ƙasa, birki kuma ya yi zafi har ya daina kamawa.

Haɗarin ya girgiza Amurka saboda ya toshe amsar da kamfanonin mota suka saba bayarwa: direba ne ya taka totur yana zaton birki ne. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar kayarwa. A shekarun 1980 an yi irin wannan ce-ce-ku-ce kan Audi 5000, kuma rahoton da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta fitar a 1989 ya danganta yawancin lamarin da kuskuren ƙafa. To amma ko a can ɗin, gyaran da ya yi aiki a jikin mota aka yi shi: makullin giya wanda ba ya barin ka fita daga P, wato giyar fakin, sai ka taka birki. Kuskuren direba bai taɓa wanke mai ƙera mota ba. Wanda ya ƙera motar da mutum miliyan za su tuƙa ya san wasunsu za su ruɗe, wasu za su ɗora tabarma kan tabarma.

Totur yana maƙalewa ta hanyoyi da dama, kowace da alamarta. A tsofaffin motoci waya ce ta ƙarfe ke tafiya daga feda zuwa bakin iskar inji. Idan zarenta ya fara tsittsinkewa a cikin kwasfa, ko sifirin da ke mayar da ita ya karye, feda za ta yi nauyi ko ta dinga dawowa da jinkiri. A 2012 Ford ya janye motocin Escape na 2001 zuwa 2004 masu injin V6, wato ya nemi a dawo da su a gyara, domin wayar na'urar daidaita gudu tana iya saƙalewa da murfin inji idan aka taka totur sosai. A sababbin motoci babu wannan waya. Feda tana da na'urori biyu masu auna yadda aka taka ta, suna aika saƙo ga kwamfutar inji, ita kuma ta umarci ƙaramin moto ya buɗe faifan da ke bakin iska, inda wasu na'urori biyu ke tabbatar mata faifan ya buɗe daidai. Idan saƙonnin suka saɓa, ƙa'ida ita ce kwamfuta ta rage ƙarfin inji, ta kunna fitilar gargaɗi, ta ajiye lambar matsala irin su P2135, P2138 ko P2111. Baƙin datti da ke taruwa a gefen faifan ma yana hana shi rufewa sarai, sai ka ji inji yana ƙara alhali ƙafa ba ta kai. Ana wanke shi da maganinsa, amma ba a tura faifan na lantarki da ƙarfin yatsa, don ƙananan haƙoran da ke juya shi ba su jure hakan. Wani lokaci kuma abin ko kusa da lantarki bai kai ba. A Afrilu 2024 Tesla ya janye Cybertruck 3,878 saboda murfin feda yana zamewa ya cusa kansa ƙarƙashin kwalliyar da ke samansa. Sabulun da aka riƙa shafawa a masana'anta don murfin ya shiga da sauƙi ne ya jawo, gyaran kuwa ƙusa guda ce da ake dasawa.

Idan abin ya faru kana kan hanya, daƙiƙa goman farko ne ke raba gardama. Ka taka birki da dukkan ƙarfinka, da ƙafa biyu in ta kama, ka riƙe. Kada ka dinga takawa kana saki. Tukunyar da ke taimaka wa ƙafarka wajen birki tana samun ƙarfinta ne daga zuƙar iskar inji, kuma idan totur ya buɗe gaba ɗaya wannan zuƙar kusan babu ita. Abin da ya rage a tukunyar na taku biyu ne ko uku, daga nan birki ya sandare. Takawa sama-sama ta fi muni, domin tana gasa birkin ne a banza har ya mutu. Mujallar Car and Driver ta gwada Camry mai V6 a gudun mil 70 a awa, wato kusan kilomita 113, totur a danne har ƙasa: da aka taka birki sau ɗaya da ƙarfi ta tsaya cikin ƙafa 190, ƙafa 16 kacal fiye da yadda take tsayawa idan lafiya lau. Birki ya fi inji ƙarfi, muddin ba a ɓarnatar da shi ba.

Kana riƙe da birkin, ka tura giya zuwa N, wato firi. Mai kuloci ya taka kuloci. Inji zai yi ruri kamar zai fashe, ka ƙyale shi, injinan yanzu suna da abin da ke hana juyinsu wuce iyaka, in ma ya lalace ana sayen wani. Ka gangara gefe, ka tsaya, sannan ka kashe. Kashe inji ana cikin tafiya dabarar ƙarshe ce, idan firi ya ƙi shiga, domin sitiyari zai yi nauyi. Mai makulli ya murɗa shi taki ɗaya baya, kada ya kai ƙarshe, kada ya zare, in ba haka ba sitiyari na iya kullewa. Mai maɓalli kuwa ya sani cewa a motocin Toyota da Lexus na wancan zamani sai an danne maɓallin na daƙiƙa uku cur kafin inji ya mutu. Daƙiƙa uku a gudun mil 100 tafiya ce ta sama da mita 130, kuma wanda ya karɓi motar aro da safe ina zai san wannan? Yana da kyau kowane direba ya gwada neman firi ba tare da kallo ba yayin da mota ke tsaye, musamman masu giyar da ke da lungu na gefe, inda tura giyar gaba ba ya kai ta N.

Kama kamfani da laifi kuwa wani yaƙi ne daban, kuma tarihin Toyota ya nuna inda ake cin sa. Tun a Satumba 2007 kamfanin ya janye tabarmi kusan 55,000 na Camry da ES350, bai taɓa feda ba. Wata takardar cikin gida ta Yuli 2009, wadda ta fito fili daga baya, ta lissafa wannan ƙaramar janyewa a jerin nasarori, tana cewa an tsirar da kusan dala miliyan 100. Bayan haɗarin San Diyego aka janye motoci miliyan 3.8, adadin ya ƙaru daga baya, aka rage tsawon feda. A 21 ga Janairu 2010 sai ga janyewa ta biyu, motoci miliyan 2.3, kan wata matsala daban: fedar da kamfanin CTS ke ƙerawa tana da wani sashe na roba mai ba ta tauri, wanda ke yin danƙo idan ya ci ya kuma sha laima. Gyaran ɗan ƙarfe ne da ake cusawa a bayan fedar. Abin da ya tona asiri shi ne, tun 29 ga Satumba 2009 Toyota ya riga ya aika wa wakilansa a ƙasashen Turai 31 bayanin yadda za a gyara wannan matsala, alhali dokar Amurka ta ba shi kwana biyar na aiki ya sanar da hukuma da zarar ya gano lahani. Aka ci shi tarar dala miliyan 16.375 a Afrilu 2010, iyakar abin da doka ta yarda a lokacin, kuɗin da bai kai ya sa kamfani irin wannan ya canza hali ba. Wanda ya yi zafi ya zo ne a 19 ga Maris 2014, lokacin da Toyota ya amince ya biya dala biliyan 1.2 ga Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, ya kuma amsa cewa ya yaudari masu saye da hukuma.

Duk waɗannan hukunce-hukuncen ba a kan ƙera feda mai lahani aka yi su ba. Kowane kamfani yana yin kuskuren ƙira. An hukunta shi ne kan sanin da ya yi da shirun da ya biyo baya, kuma ba a tabbatar da sani sai da takarda mai kwanan wata. Wannan ne ya sa na ɗauki ƙorafin mutum ɗaya da muhimmanci fiye da yadda masu motoci ke ɗaukarsa. Ƙorafi ɗaya a baki iska ne. Ƙorafi ɗari a rubuce, mota iri ɗaya, shekara ɗaya, alama ɗaya, shi ne lauya ke ɗagawa a kotu ya tambayi kamfani yaushe ya sani.

Kuma hujjar ana rasa ta ne tun a ranar farko, galibi a hannun mai kyakkyawar niyya. Makanike ya cire kan batir don ya ga ko za ta daidaita, ko ya haɗa na'urarsa ya goge lambobin matsala, shi ke nan bayanin da kwamfuta ta ajiye na gudun inji da buɗewar faifai a daidai lokacin ya tafi. Don haka kafin kowa ya taɓa komai, a ɗauki hoton wajen ƙafar direba: tabarma, ƙugiyoyin da ke riƙe ta, yadda feda take tsaye, da fitilun gaban sitiyari. Kada a tuƙa motar zuwa gareji, a ja ta. A karanta lambobin a buga su a takarda kafin a goge. A takardar aikin dila a tabbatar an rubuta abin da ya faru yadda ya faru, da gudu da wuri da ko inji ya yi zafi, ba a rubuta "a duba totur" kawai ba, kuma a karɓi kwafi ko da sun ce ba su ga komai ba. Duk abin da aka canza, a karɓi tsohon a ajiye. Idan haɗari aka yi, akwai na'urar da ke naɗar kimanin daƙiƙa biyar kafin karo: gudu, matsayin totur, da ko an taka birki. Dokar Amurka ta 2015 ta ce wannan bayani mallakin mai mota ne. A sa ƙwararre mai zaman kansa ya kasance a wurin yayin zazzage shi, a kuma rubuta wa kamfanin inshora cewa kada a sayar da gawar motar ga masu gwangwan. Takardar sulhu da ke cewa ka yafe duk wata ƙara, ba a sa mata hannu sai lauya ya karanta, kuma wa'adin shigar da ƙara ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Inda gardama ba ta mutu ba har yau shi ne batun lantarki. A Fabrairu 2011, bayan wata goma injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suna tona manhajar Toyota, gwamnati ta ce ba a gano lahanin lantarki da ke haddasa irin wannan gudu ba. Amma a Oktoba 2013, a wata shari'a a Oklahoma kan Camry ta 2005 da ta yi haɗari a 2007, mace ɗaya ta rasu ɗaya ta ji rauni, ƙwararren manhaja Michael Barr ya ba da shaida cewa wani muhimmin aiki a cikin kwamfutar yana iya mutuwa ba tare da matakan kariya sun farga ba. Masu taya alƙali hukunci suka ba da diyyar dala miliyan 3, kamfanin ya yi sulhu kafin a kai ga tarar ladabtarwa, daga nan ya shiga sasanta sauran ɗaruruwan ƙararraki, ko da yake bai amsa cewa manhajarsa na da lahani ba. A ganina rashin ganowa ba ya nufin babu, domin kuskuren manhaja ba ya barin tsatsa ko karaya da za a nuna wa alƙali, ana kashe mota a kunna ya ɓace. Ita ma na'urar naɗar bayani daga saƙonnin motar take karatu, saboda haka shaidarta babba ce amma ba hatimi ba ce.

Maganin da ya fi kowanne amfani bai damu da musabbabi ba: tsarin da ke sa kwamfuta ta yi watsi da totur idan ta ga an taka birki tare da shi. Toyota ya sa shi a sababbin motocinsa bayan rikicin. NHTSA ta kawo shawarar mayar da shi doka a 2012, ta janye shawarar a 2019 da hujjar cewa kamfanoni sun riga sun sa da kansu. Ban ga hikimar hakan ba, abin da aka yi don ganin dama ana iya barinsa don ganin dama.

Sauran matsalar tana ga tsofaffin motocin da suka sauya hannu sau uku sau huɗu, wasu har sun ƙetare teku. Wasiƙar janyewa tana zuwa ne ga adireshin da ke rajista, ba ga wanda ke tuƙi yanzu ba. Kowace mota tana da lamba mai harafi da alƙalami 17, VIN, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Idan don kasuwar Amurka aka ƙera ta, shigar da lambar a shafin intanet na NHTSA yana nuna ko akwai gyaran janyewa da ba a yi ba. A can gyaran kyauta ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 ba. Wanda motarsa ta bar ƙasar ya rubuta wa wakilin kamfanin na inda yake, ya saka lambar VIN da lambar janyewar, ya nemi a ba shi amsa a rubuce.